A sauƙaƙa mana na'urar auna suga ta yara

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da bakin iyayen ƙananan yara masu ciwon suga.

'Yata Hanifa shekararta shida. Tana da huɗu ta koma fitsarin kwance, ga ƙishirwa ba dare ba rana, tana ci tana ramewa. Muka yi maganin shawara, muka yi na zazzaɓi, sai da ta fita hayyacinta muka garzaya asibiti, aka ce suga ne nau'i na ɗaya. Har yau akwai masu ce min alawa na cika ba ta. Ba alawa ba ce. Garkuwar jikinta ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, kuma babu saiwa ko jiƙon da zai tsaya a madadin allura.

Allurar ma da sauƙi a kan dare. Ƙaramin yaro bai san ya ce sugansa ya sauka ba, in kuwa ya yi ƙasa da 70 yana barci, abin na iya kaiwa ga suma. Ƙarfe biyun dare, a sanyin Jos na watan Disamba, zan zaro hannunta daga bargo, in yi ta murza yatsa har ya yi ɗumi jini ya taru, sannan in soka in auna suganta. Wani lokaci ko farkawa ba ta yi, sai dai ta janye hannun. Kan yatsunta duk ya yi kanta.

Bara ƙanena da ke Abuja ya aiko mana da FreeStyle Libre 2. Ɗan farin faifai ne kamar kwabo, ana manna shi a bayan dantse, yana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata yana auna suga. Lambar na fitowa a waya tare da kibiya mai nuna hawa yake ko sauka, in ya yi ƙasa wayar ta yi ƙara. A nan na ga yadda koko da masa ke harba sugan Hanifa sama da 180, tuwon acha da miyar ganye kuwa a hankali yake hawa. Likitanta ya duba zanen hawa da saukar sugan a wayar, ya gyara mata allurar dare. In lambar ta saɓa da yadda na ga yarinyar, nakan soka yatsa in tabbatar. Amma wallahi na yi barcin da rabona da shi tun kafin ciwon.

Faifan kwana 14 yake yi, a cire a sa sabo, wato biyu duk wata, ban da insulin da nake ajiyewa a gindin randa in an ɗauke wuta. Mahaifinta tela ne. 'Yan kunnena na gwal sun riga sun tafi.

A Ingila, tun Disambar 2023 hukumar NICE mai tantance magunguna da kayan jinya ta ba da shawarar a ba yara na'urar da ke haɗa irin wannan faifai da famfon insulin, ta riƙa daidaita maganin da kanta. Mu ba mu nemi wannan ba tukuna. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi. Ina roƙon a ware wani kaso daga ciki domin insulin da faifan yara, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da ta jiharmu ta Filato (PLASCHEMA) su sa su cikin inshora. Malaman makaranta kuma, don Allah in yaro irin wannan ya nemi ya sha abu mai zaƙi ana tsakiyar darasi, ku bar shi, ba kwaɗayi ba ne.

Faifan da ke hannun Hanifa saura kwana uku ya ƙare, kuma ban haɗa kuɗin wani ba.

Maman Hanifa,
Unguwar Rogo, Jos.