Sadiq, ga maganar manhajojin zanen gini da ka tambaya

Sadiq, ya karatu, ya Gubi? Mamanka ta ce ka kira kana neman shawara kan abin da za ka sa a sabuwar laftof ɗin, wai abokanka kowa da nasa sunan, wannan Revit, wancan Tekla. To saurara.

Ka fara da Revit, ka zauna a kansa har hannunka ya faɗa. Na Autodesk ne, sun saye shi a 2002, kuma a Windows yake tafiya. A AutoCAD da muka saba layi kake ja kawai, a Revit kuwa bango kake ɗorawa, bangon ya san kaurinsa da tsayinsa da kayan da aka yi shi da su, in ka matsar da ƙofa a filan sai ta matsa a duk sauran zanen har da jadawalin ƙofofi, ba sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana gyara ba. Wannan shi ne BIM ɗin da ake ta faɗa, wato Building Information Modelling, zanen gini mai ɗauke da bayanan kowane sashe.

Archicad na Graphisoft ne can Hungary, akitek-akitek sun fi riƙe shi, kai dai ka san da shi. Tekla Structures kuwa na ƙarfe ne da rodi, daga Finland ya fito, yanzu yana hannun Trimble, yana fitar maka da jadawalin lanƙwasa rodi har da kowane bol na ɗaure ƙarfe. In hanya da kwalbati ne ranka ke so, Civil 3D, kuma ka san yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwannin Gombe, aikin magudana ba zai ƙare mana ba.

Navisworks ne nake so ka kula da shi sosai. Ana haɗa aikin akitek da na injiniya da na mai famfo da mai lantarki wuri guda, ya nuna maka inda bututu zai ratsa bim, wato dogon kankaren da ke kwance yana ɗauke da nauyin gini, tun ba a zuba kankare ba. Sau nawa na tsaya a sait ina kallon lebura da guduma yana fasa bim bayan an cire katako, rodi a waje, mai gida na zubar da kuɗi, wallahi abin na ci mini rai.

Ka koyi fitar da fayil ɗin IFC, shi ke sa manhajoji daban su karanta aikin juna. Kar ka sa manhajar sata don Allah, Autodesk na ba ɗalibai lasisi kyauta, ka yi rajista da shaidar makaranta. RAM ɗin laftof ɗin kar ya gaza 16 gig, in bai kai ba ka faɗa mini kafin ƙarshen wata.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka