Sanarwa Kan Bikin Zagayowar Ranar Haihuwar Babbar Yayarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hirar daren jiya ta yi tsawo, saƙonni sun binne juna, shi ya sa na tattaro abin da muka tsayar.

Taro ranar Asabar ne bayan La'asar, a gidan Yaya da ke Agege, Legas. Masu tahowa daga Obalende ku fito da wuri, kun san gosulon gadar Third Mainland.

Waina da miyar taushe za a yi. Anti ta ɗauki nauyin cefane, za ta yi sammakon kasuwar Mile 12 don tumatir, attaruhu da kabewa. Masu ƙullu ku jiƙa shinkafa tun daren Juma'a, kuma don Allah a rage yis, zafin Legas na sa ƙullu ya tashi da wuri, in aka sake sai ya yi tsami.

Batun kek kuwa, ina tare da masu cewa mu gasa da kanmu. Ko an ɗauke wuta ba matsala. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya yi zafi, a ɗora gwangwanin a rufe ruf. Kada a buɗe kafin minti 30, in ba haka ba tsakiyarsa ya lotsa. A soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu.

Talabijin: iyaye za su kalli Arewa24 a falo, samari masu ƙwallo su haƙura da wayoyinsu. Lokacin addu'a da yankan kek za a kashe.

Mai kawo zoɓo ko kunun aya ta faɗa yau.