Kafin ka sayi injin ɗumi, karanta wannan

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ya madam da yara? Zan ce ina sanyi amma nasan tsokana zaka ɗauke shi. Mu nan Ngaundere lafiya lau alhamdulillahi, hunturu ya shigo, hazo ya rufe dutsen gari da safe baka ko hango shi. Inna na gaishe ka, tace har yau bata ga hoton takwararta ba.

Na saurari vokal ɗinka sau biyu, na farko dariya ce ta hanani fahimta, wai kai da kake yawo da singileti a Garwa cikin watan huɗu yau kana kwana da safa biyu da hula a Montireyal. Na biyun kuma na nutsu naji abinda kake shirin yi, shi yasa nace gara in zauna in rubuta, don a waya sai mu ɓige da hira. Kace gidan da ka saya tsoho ne, ƙasan sanyi kamar ƙanƙara, takardar kuran, wato kuɗin wutar lantarki, ta kusa sa ka kuka, kuma kana so ka sayo babban injin ɗumi sannan a shimfiɗa karo, wato tayil, a falo tunda madam tana son ya zama kamar na gida. Toh wallahi duka biyun dakata. Shekaru bakwai nayi a shantiye, wato wurin aikin gini, a Liyon ta Faransa kafin in dawo, sanyin can bai kai rabin naku ba amma aikin ɗaya ne.

Gidanka ɗumin yana samu, riƙewa ne baya yi. In ka ƙara inji yanzu ɗiban ruwa da kwando kake, kuɗinka ne zai riƙa fita ta rufi. Iska mai ɗumi sama take hawa, kuma a Faransa lissafin da ake bamu shine gidan da ba'a toshe shi ba yana zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ɗuminsa ta rufi kaɗai. Don haka fara da can. Ka samu tsani ka leƙa tsakanin plafon, wato silin, da rufin, da tocila, ka ga me aka shimfiɗa kuma kaurinsa nawa. Mu audugar gilas muke sawa, len de ver, ko ta dutse, santimita 30 zuwa 40, kuma kar a danne ta don iskar dake maƙale a cikinta ce ke aikin, in ka matse ta ka kashe ta. Ƙaiƙayinta yafi na gero a masussuka, sai da safar hannu da abin rufe hanci. Amma kaji wannan da kyau, in ka leƙa kaga wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi masu ƙyalli, kar ka taɓa kar ka share, rufe ka sauko. Vermikulit ne, a tsofaffin gidajen Kanada akwai wanda ke ɗauke da amiyant, mai lalata huhu, sai an kai samfur an gwada.

Akwai kuma ledar da ake sawa ta ɓangaren ɗumi, wato tsakanin audugar da cikin ɗaki. Mutane na raina ta. Tururin girki da na wanka da numfashinku in ya ratsa ya tarar da sanyi sai ya koma ruwa a cikin audugar, shekara biyu kaga plafon ya yi baƙi da hunhuna kana ta neman inda rufi ke yoyo alhali rufin lafiyarsa ƙalau.

Tagogi da ƙofofi kuwa ba sai ka kira kowa ba. Ranar da ake iska ka kunna turaren tsinke ka bi gefen kowace taga da shi, inda hayaƙin ya karkata nan ɓarawon yake. Mastik na toshe tsaga da robar gefen ƙofa, sai ledar nan da ake mannawa a taga lokacin sanyi, kuɗinsu ba wani abu bane. Canza tagogin gaba ɗaya zuwa masu gilashi biyu ko uku ka barshi sai aljihu ya farfaɗo.

Yanzu maganar karo, nan ne nake so ka karanta wa madam da ƙarfi. Ni da kaina na faɗa wannan ramin, ni da nake sana'ar. Da na gina gidana na shimfiɗa karo tun daga bakin ƙofa har ɗakin kwana don a shigo a ce ma sha Allah, sama kuma tol, wato kwanon rufi, da plafon ɗan siriri. Ka dai san garin nan a kan tudu yake, sama da mita 1000, asubahin watan ɗaya ba wasa. Ka fito alwala ka taka karon nan sai kaji sanyin ya bi ƙafarka har tsakar kai. Na gyara wa Inna ɗaki mai kyau a ciki, kwana uku tayi ta kwashe kayanta ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa, tace ita ba zata kwana a kan faranti ba. Kuma gaskiyarta, katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana ta sake shi da dare a hankali, ga daɓe ga tabarma, ɗakinta yafi nawa daɗi a hunturu yafi shi daɗi a bazara. Wannan fa a garin da ruwa bai taɓa daskarewa ba, ina ga inda ake kaiwa 20 ƙasa da sifiri.

Abin mamakin shine karo da katako in suna ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya ne, ka auna ka gani. Karon ne ke saurin zuƙe ɗumin tafin ƙafarka, katako kuma a hankali. To mutum in ƙafarsa na sanyi sai ya je ya murɗa termosta, wato abin daidaita ɗumin gida, sama, kuran ya tafi a banza.

Salo da ɗakunan kwana ka sa katako, in yayi tsada ka sa stratifiye, kwaikwayon katakon nan da ake haɗawa kamar wasan yara, amma kar ka yi rowar shimfiɗar ƙarƙashinsa. Ka bar kwalayen su kwana biyu a cikin ɗakin kafin a fara, kuma a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango ko'ina, don yana buɗewa yana tsukewa, in ba'a bar masa wuri ba wata rana zaka tarar da shi yayi tozo a tsakar ɗaki. A kai ka shimfiɗa babban kafet, tunda mu a ƙasa muke cin tuwo a ƙasa muke sallah, yaran ma a ƙasa suke birgima. Karon madam a bata shi a banɗaki da bakin ƙofar shiga inda takalma ke shigowa da ƙanƙara da gishirin titi, nan kam babu kamarsa. In da hali a sa wayar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin na banɗakin, ranar zata yafe min. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma kar ka kuskura ka manna kafet kai tsaye a kan siminti, damshi zai ci shi, vinil da shimfiɗar hana damshi yafi.

Sai bayan duk wannan muzo kan inji. Waɗannan dogayen ƙarafan ɗumi na lantarki da kace suna bin gindin bango, su yawancin gidajen jiharku ta Kebek ke amfani dasu tunda kamfanin wutarku Hydro-Québec da ruwa yake samar da wutarsa. Kilowat ɗaya suka ci, ɗumin kilowat ɗaya zasu baka, ba ƙari. Termopomp kuwa klim ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka juya, maimakon ta kwashe zafin ɗaki ta watsar waje sai ta kwaso na waje ta shigo dashi, shi yasa da kuran ɗaya take bada ninki biyu ko uku. Amma in sanyi ya kai maƙura ƙarfinta na raguwa, don haka ko ka sa ta kar ka cire ƙarafan. Kuma in ka toshe gidan tukuna, ƙarama ma ta ishe ka. Termosta ka barshi wajen 19 ko 20 ka sa suwaita, kowane digiri ɗaya da ka ƙara kusan kashi 7 cikin ɗari ne a kan takardar kuran. In zaku zo gida hutu cikin sanyi kar ka kashe ɗumin gaba ɗaya wai tattali, ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, fayif zai fashe ka dawo ka tarar da tafki.

Abu na ƙarshe kuma shi yafi damuna, don na sanmu. Gawayi. Mu da mun ji sanyi sai kasko a tsakar ɗaki, a nan ma da ɗakunanmu ke shan iska ta ko'ina kusan duk hunturu sai anji labarin waɗanda suka rufe ƙofa da garwashi basu tashi ba, balle gidan da ka toshe ko'ina. Iskar gubar da garwashi ke fitarwa bata da wari bata da launi, ciwon kai ne da jiri da barci shikenan. Ka tambayi maƙwabtanka labarin ruwan ƙanƙarar watan Janairun 1998, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta, wasu har makonni, kuma cikin waɗanda suka rasu akwai waɗanda wannan iskar ce ta kashe su. Don Allah in wuta ta ɗauke kar a shigo da abin gasa nama ko janareto cikin gida ko gareji, kuma ka sayi na'urar dake ƙara in taji iskar ka kafa kusa da ɗakin yara. Turaren wutar madam ma a nema mata kasko na lantarki.

Ka turo min hoton saman plafon ɗin da awon salo tsawo da faɗi, in lissafa maka kwali nawa zaka saya. Kilishin da ka ce na sa a yi maka, saura mai tafiya.

Naka har kullum,
abokinka na Tongo