Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jigawa: A Riga Ruwa Zuwa Wurinmu

Mai girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Guri, da bakina da na waɗanda muke zama tare a ƙofar masallaci bayan la'asar. Duk inda hirarmu ta zaga, kan kachalla take dawowa, doguwar ciyawar nan ta ruwa da ta cike mana kogi da fadama.

Ranka ya daɗe, kai ɗan Kafin Hausa ne, ba sai an kwatanta maka kogin Haɗeja ba. Dattawanmu sun san lokacin da yake cika da damina ya malale fadama, da rani kuma ya janye har yaro ya haye da ƙafa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya zama ba rani ba damina. Madatsun suna da amfaninsu, ba mu musa ba. Sai dai ƙasar da ba ta bushewa ita kachalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta riƙe laka, kogi ya cike, ruwa ya rasa mabi sai gonaki da gidaje.

Fadamar da mahaifina ke noman shinkafa, yau idan na shiga ba a hango hulata. Masunta sai su kai wani wuri kwale-kwale ya ƙi gaba. Ga jan baki, tsuntsayen nan masu cin hatsi, a cikin wannan ciyawa suke kwana. Da shinkafa ta fara nuna, tun asuba ’ya’yana suke gona da gwangwani da majajjawa suna kora, allo da boko duk a ajiye. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ba mu naɗe hannu ba. Muna yin gayya, matasa su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, matsattsaku na shan jininsu. Amma saiwar tana can cikin laka, bayan ’yan makonni ka rantse ba a taɓa wurin ba.

A ambaliyar 2020 da ta 2022 mun kwana kan jinga da tocila a baki, muna miƙa wa juna buhunan ƙasa. Da ta ɓalle, makarantar firamare muka koma da mata da awaki. An kawo tallafi daga baya, tabarmi da barguna da hatsi, Allah ya saka da alheri. Amma buhu ɗaya ba ya maye rumbu.

Roƙonmu shi ne a turo injinan yasar kogi tun da rani, daga Fabrairu zuwa Mayu, su tumɓuke kachalla daga tushe, a ɗaga jinga da ƙasar da aka yaso. Kafin a fara, a zauna da sarakunan ruwa da masu unguwanni, don su ne suka san inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi. In kuma za a saki ruwa daga madatsun, a sanar a rediyo da wuri, mu samu kwashe abin da za mu iya.

Hannun gayya muna da shi. Ranar da injin ya iso bakin kogi, zai tarar da mu a can.

Wassalam,
Wani manomi daga ƙasar Guri