Rahoton Ayyukan Shekara: Kallon Tsuntsaye da Ƙidayar Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da muka yi bana.

Fitarmu ta ƙarshen mako ta tafi daidai, sai dai da sanyi ya kankama mutane suka fara ja da baya, kuma gaskiya abin ya dame mu a kwamiti, don lokacin ne ma aikin ya fi armashi, ganye ya ragu ana ganin tsuntsu sosai, ruwa ya janye sun taru wuri ɗaya, ga baƙin da suka tsallako Sahara daga Turai irin su tsattsewa duk sun iso.

Babban aikinmu dai shi ne shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya wadda ake yi a watan Janairu tun 1967, ƙungiyar kare dausayi ta Wetlands International ke haɗa ta. Mun kasu rukuni-rukuni, mutum biyu na ƙirga da madubin hangen nesa ɗaya na rubutawa, kuma tun kafin rana ta fito muke tsayawa a wurin. Sababbin shiga sun sha wahala da garken kirinjijiya, kana cikin ƙirga sai su tashi gaba ɗaya, har aka nuna musu yadda ake ware goma da ido, sannan a bi garken goma-goma. Zalɓe shi ba ya ba da wahala, yana nan tsaye a bakin ruwa har ka gama.

Inda muka samu matsala shi ne fom. Wasu rukunan sun bar gurbi fayau wai ai ba su ga komai ba. Don Allah a daina. In ka je wurin da aka saba ganin ungulu ba ka gan ta ba, ka rubuta sifili, wannan sifilin ne ke nuna raguwa in aka jera shekaru, kuma kun san tun 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa mai tsanani. Haka nan kar a canza wurin tsayawa don an hango wani wuri ya fi cika, wurin bara shi ne na bana.

Duk abin da aka rubuta mun shigar a eBird, manhajar adana bayanan tsuntsayen da aka gani, wanda bai iya ba ya zo taro na gaba da wayarsa a nuna masa. Muna kuma neman masu ba da aron madubi don rukunan da ba su da shi, a sanar da sakatare kafin Disamba.