Tazarar mai kuɗi da talaka tana da tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan wani fannin bincike da ba kasafai jaridu ke waiwayarsa ba, wato tarihin tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da talakawa. Da zarar an ta da zancen, sai a kashe bakinsa da cewa ai yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, alhali masanan da suka tono tsofaffin takardun haraji da na gado sun nuna cewa tazarar kan faɗaɗa, takan kuma tsuke, gwargwadon dokokin da mutane suka kafa.

A 1955 masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya yi hasashen cewa idan masana'antu suka bunƙasa, tazarar za ta fara ƙaruwa, daga baya ta ragu da kanta. An daɗe ana kafa hujja da wannan, har masana tattalin arziki Thomas Piketty da Emmanuel Saez suka bi diddigin bayanan harajin Amurka tun daga 1913, suka ga cewa raguwar ta zo ne a zamanin karyewar tattalin arziki da yaƙin duniya da haraji mai tsanani, wanda matakinsa na ƙoli ya kai kashi 91 cikin ɗari a shekarun 1950. Da aka sassauta shi bayan 1980, kason manyan attajirai ya sake hawa.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne binciken birnin Florence na Italiya, inda a 1427 hukuma ta rubuta dukiyar kowane gida, da gonakinsa da basussukansa. Masu bincike Guglielmo Barone da Sauro Mocetti sun gwama sunayen zuriyar da ke wannan kundi da na masu biyan haraji a 2011, sai ga shi jikokin attajiran wancan zamani har yanzu sun fi yawa a sahun gaba, bayan kusan shekara 600. Da wuya a ce ƙwazo kaɗai ne aka yi ta gada haka.

Ita kuwa Birtaniya, da ta soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware diyya ga masu bayin, su bayin ba su ga ko sisin kwabo ba, kuma masu bincike a jami'ar UCL ta Landan sun tattara sunayen waɗanda suka karɓi kuɗin da inda suka zuba shi.

Ina fata jaridarku za ta riƙa gayyato malaman tarihi da na tattalin arziki su warware mana irin waɗannan binciken da Hausa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku