Wasiƙar godiya ga kamfanin Lomography, masu raya kyamarar roba

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Lomography,
Vienna, ƙasar Ostiriya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiyar nan a bainar jama'a, tunda an ce yaba kyauta tukuici. Ina cikin masu ɗaukar hoto da fim har yau, a zamanin da kowa ke yawo da kyamara a cikin wayarsa, kuma wadda na fi ratayawa a wuya ita ce Diana F+ ɗinku. Duk wanda ya gan ta sai ya tambaye ni ko ta yara ce.

Ban taɓa ganin laifin mai tambayar ba, domin asalinta kusan hakan ne. Wata masana'antar roba da ke Hong Kong, Great Wall Plastic Factory, ita ta riƙa ƙera Diana a shekarun 1960, da araha ƙwarai, har ana ba da ita kyauta a matsayin tsaraba. Jiki roba, ido roba, murfin baya kuma ba ya rufuwa ruf. Daga baya aka daina yin ta, sai dai a tsinci tsohuwa a wurin masu sayar da kayan gwanjo. Ku kuka dawo da ita a 2007.

Babban abin da nake gode muku a kai shi ne da kuka tashi dawo da ita, ba ku gyara mata halinta ba. Da wasu ne, da sun sa mata ido na gilashi mai kaifi, sun ɗora mata na'urar auna haske, sun ce an inganta. Ku kuwa kun bar idon robar nan yadda yake. Tsakiyar hoto ya fito sosai, gefe-gefe ya yi dishi-dishi, kusurwoyi huɗu su yi duhu, sai idon mai kallo ya tafi kai tsaye kan fuskar da ke tsakiya. Zaɓin haske ma zane ne aka yi a ƙarƙashin idon: rana, rana da gajimare, gajimare zalla, sai ɗan ƙaramin rami mai kamar hujin allura. Nisa kuma hawa uku ne kawai. Ba batir sai na fitila, ba allon da zai nuna maka abin da ka ɗauka. Ka danna, ka ji ƙas, ka murɗa fim kana leƙen ɗan jan tagar baya har lamba ta gaba ta bayyana. Ɗauka 12 ke nan a naɗin fim mai lamba 120, ko 16 idan ka sa ƙaramin firam. Mai ɗauka 12 kacal a hannu ba ya danna wa banza, yana kallon abu da kyau kafin ya ɗaga kyamara.

Wani abu da ke ba ni nishaɗi shi ne madannin ɗauka ba ya jiran a murɗa fim. Kana iya danna sau biyu, ko uku, a kan gurbi guda. Na ɗauki reshen bishiya ta fuskar sama, ban murɗa ba, na juya na ɗauki fuskar wani dattijo a inuwa. Da aka wanke, ganyayen sun fito a cikin duhun rigarsa da gefen kuncinsa, inda haske bai taɓa fim ɗin sosai ba a ɗauka ta biyu. Dalilin a fili yake: fim tara haske yake yi, wurin da ya yi duhu a hoto ɗaya shi ke karɓar ɗayan. Amma sanin dalilin bai sa ka san yadda zai fito ba sai ranar da ka ɗaga fim ɗin a gaban haske. Haka ma ɗigon hasken da ke sata ta gefen murfi, ya bar jan zane ko ruwan lemo a gefen hoto. Wasu na liƙe gefen da baƙin salatif, wasu na barin sa da gangan. Ni ina cikin masu bari.

Tarihinku ma ya isa a yaba. A 1991 wasu ɗalibai 'yan Vienna suka ci karo da ƙaramar kyamarar nan LOMO LC-A a birnin Prague, wadda ake ƙerawa a Leningrad ta Tarayyar Sobiyet tun 1984. Launukanta masu ƙarfi da duhun kusurwoyinta suka tafi da su, a 1992 suka kafa ƙungiya. Da masana'antar ta yi niyyar daina ƙera ta, sai da suka je har St. Petersburg, wato Leningrad ta dā, neman alfarma, kuma cikin waɗanda suka zauna da su a 1996 har da mataimakin magajin garin na lokacin, Vladimir Putin. Aka ci gaba da yin ta har 2005.

Sai maganar fim kansa, wanda in babu shi kyamarar ta zama ado. Shekarun da suka biyo bayan yaɗuwar kyamarar dijital sun yi wa sana'ar nan tsanani. An daina yin Kodachrome, fim mai launi na kamfanin Kodak, a 2009, a Janairun 2012 kuma Kodak ya shigar da takardun karayar arziki. A daidai wannan shekarar, lokacin da kowa ke tattara kayansa, kuka dawo da ƙaramin fim mai lamba 110 da ya ɓace daga kasuwa. Shekara ta zagayo kuka fito da fim ɗin LomoChrome Purple, mai mayar da koren ciyawa shunayya, amma ya bar fatar mutum kusan yadda take, kuma ana wanke shi da sinadarin C-41 na yau da kullum. Ku ne kuma kuka yaɗa wa sababbin shiga dabarun da a da sai ƙwararru: wanke fim ɗin silaid da sinadarin da ba nasa ba don launuka su yi tsalle, ko juya fim a ɗauka ta bayansa hoto ya fito ja-ja-wur.

Na san masu cewa duk wannan wahalar banza ce, waya ma tana yi. Gaskiya ne tana kwaikwayo. Da Instagram ya fito a 2010, hotunansa masu kusurwa huɗu daidai ne irin na Diana da Holga, wata kyamarar robar, kuma cikin launukan da yake shafa wa hoto akwai X-Pro II, wanda sunansa ma daga waccan dabarar wanke fim aka ɗauko shi. Sai dai a waya kai ke zaɓar aibin, ka ƙara, ka rage, ka soke in bai yi maka ba. A fim kuwa, abin da haske da sinadari suka yi ya zauna, ko ka so ko ka ƙi, kuma ba ya maimaita kansa. Wanda ke raina kyamarar roba kuma ya nemi hoton Al Gore da David Burnett ya ɗauka da Holga, ƙanwar Diana da aka ƙirƙiro a Hong Kong a farkon shekarun 1980, lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka na 2000. Hoton ya ci lambar yabo ta masu ɗaukar hoton fadar White House.

Roƙona ɗaya ne: don Allah kada ku gaji da yin fim mai lamba 120 da 110, ko da masu saye sun yi ƙaranci a wata shekarar. In kuma wata rana wani ya kawo shawarar a sa wa Diana ido mai kaifi a bar na robar, ku saurare shi da mutunci, ku sallame shi.

Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto da kyamarar roba